Wa Ke Biyan Kuɗin Hanyar Mai Ƙafa Da Mai Keke?

Ran Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar da akan ba mu izinin fita gari, ni da wani abokina muka kama hanyar kasuwa. Daga ƙofar makaranta zuwa can tafiyar ba ta fi mil biyu ba, amma duk wanda ya taɓa yin ta ya san mai tafiya ƙasa ba shi da rabo a titin nan. Tsakiyar kwalta ta motoci ce, gefenta na masu babur ne da adaidaita sahu, ɗan abin da ya rage kuwa masu tebur sun baza kayansu a kai. Muna cikin raɓe-raɓe sai wani adaidaita sahu ya gogi abokin nan nawa, ya tuntsura cikin lambatu. Allah ya kiyaye bai karye ba, amma gwiwarsa ta kumbura, fararen kayansa kuwa ba a magana.

Da muka isa rumfar kawuna, wanda ke sayar da yadi a kasuwar, na gaishe shi, na ba shi labari, sa'an nan na ce, "Kawu, me ya hana a yi wa masu ƙafa da masu keke hanyarsu daban?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, masu so ai suna da yawa. Kai dai nemo mini mai biya."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Da muka koma makaranta na kai ta wurin malaminmu na labarin ƙasa, shi ne ya nuna mini inda zan duba. Abin da na samo shi ne, a wasu biranen Kanada da Amurka 'yan kasuwa da masu manyan gine-gine sukan haɗa hannu da hukumar gari a gina irin wannan hanya. Shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai, da amfaninsa da kuma inda gizo ke saƙar.

Kafin mu haye teku bari in fara da abin da kowa ya sani. A layin su Kawu akwai mai gadin dare, kuma duk wata masu rumfuna kan yi karo-karo su biya shi. To, a cikinsu akwai wani wanda kullum in an zo karɓa sai ya ce babu ciniki, a dawo gobe. Mai gadi kuwa ba shi da ikon ya tsare rumfar dama da ta hagu ya bar ta tsakiya ɓarayi su fasa. Saboda haka mutumin nan yana kwana da kwanciyar rai a kan kuɗin maƙwabtansa. In wasu suka ga haka su ma sai su noƙe, yau ɗaya gobe biyu, har karo-karon ya watse. Duk aikin da amfaninsa ke game kowa, ko fitila ce ko shara ko hanya, wannan ita ce cutar da ke kashe shi.

A birnin Toronto na ƙasar Kanada ne aka fara samo maganinta. Akwai wani dogon titi a can mai suna Bloor. Dā taragon lantarki ke bin tsakiyarsa, fasinjoji suna hawa suna sauka a ƙofar kantuna, suna sayen 'yan kayayyaki. A 1966 aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a titin, a 1968 aka ƙara shi zuwa yamma, sai mutane suka koma wucewa ta ƙarƙashin kantunan ba su ko ganinsu. Ga kuma manyan kasuwannin zamani da aka giggina a bayan gari suna janye masu motoci. Ciniki ya mutu, kantuna suka shiga rufewa. Masu kantunan yammacin titin suka gwada karo-karo don su gyara wurin, abin da ya sami layin su Kawu ya same su. Daga nan wasunsu suka tafi wurin hukuma da wata roƙo mai ban mamaki, wai a ɗora musu haraji. Suka ce in mafi yawan masu kantunan yankin sun yarda, to, hukumar gari ta riƙa karɓar wani ƙari daga kowane mai ginin kasuwanci a yankin, da wanda ya so da wanda bai so ba, sa'an nan ta mayar wa ƙungiyarsu kuɗin su kashe a kan titinsu. Lardin Ontariyo ya gyara dokarsa, a 1970 aka kafa gundumar 'yan kasuwa ta Bloor West Village, ita ce ta farko a duniya. Da fitilu a kan itatuwa da tukwanen furanni suka fara. Yau a Toronto kaɗai akwai irin waɗannan gundumomi fiye da 80, dabarar kuma ta bazu zuwa Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu.

Mai karatu zai ce, to, me ya haɗa ɗan kasuwa da keke? Ai an fi sanin mai kanti da son mai mota, don gani yake shi ne mai kuɗi. Haka masu kantuna da yawa suka ɗauka a Toronto ɗin ma. A 2016 hukumar gari ta ware wa kekuna layi a wani sashen titin Bloor, wajen kilomita biyu da rabi, don gwaji. Wannan ya cinye wuraren ajiye motoci da dama, wasu masu kantuna suka ce an kashe su. Sai gundumomin 'yan kasuwa biyu na sashen suka sa kuɗinsu cikin wani bincike, aka yi ta tambayar masu kantuna da masu saye kafin a yi layin da kuma bayan an yi. Aka tarar masu zuwa da mota ba su kai ɗaya cikin goma na masu saye ba, alhali masu kantunan suna zaton sun fi haka nesa. Aka kuma tarar masu zuwa sun ƙaru, abin da suke kashewa ma ya ƙaru. Dalilin a fili yake. Mai mota yakan wuce fuu, in ya ga abin da yake so sai ya nemi wurin tsayawa, in bai samu ba ya yi gaba. Mai ƙafa kuwa ƙanshin burodi ma yana iya tsayar da shi. A 2017 majalisar gari ta tabbatar da layin.

Amma layin fenti a gefen titi abu ne mai araha. Hanya sosai, wadda aka gina ta daban, wannan sai an ji jiki. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Indiyanapolis, babban birnin jihar Indiyana a Amurka. Abin dariya, garin nan da tseren motoci aka san shi a duniya. Wani mutum mai suna Brian Payne, wanda a lokacin shi ne shugaban wata gidauniya ta taimakon jama'ar tsakiyar jihar, shi ya ɗauki maganar a ka. Ya lura garin yana da unguwanni na kantuna da gidajen abinci da gidajen wasa, irin su Mass Ave da Fountain Square da Indiana Avenue, amma kowace tana zaman kanta, manyan tituna sun raba su, baƙo ba ya iya takawa daga wannan zuwa waccan cikin natsuwa. Ya yi shekaru yana bin attajirai da hukumomi yana cewa a ɗinke su da hanya guda ta masu ƙafa da masu keke. Aka sa mata suna Hanyar Al'adu.

Lokacin da aka buɗe ta tsawonta mil 8 ne, watau wajen kilomita 13. An fara aiki a 2007, aka yi bikin buɗewa a watan Mayu na 2013, kuma ta ci dala miliyan 63. Na raba a allo na ga kowane mil ɗaya ya tashi kusan dala miliyan 8. Kai, jama'a! Da farko na zaci da zinariya aka daɓe ta. Ashe daɓen shi ne ƙaramin aiki. A wurare da yawa layi guda aka ƙwace daga motoci, saboda haka sai da aka fasa titi, aka sake gefensa, aka gyara magudanun ruwa da abin da ke binne a ƙasa. Aka shimfiɗa tubala masu zane don kowa ya gane hanyar da ya gan ta. A sassa da dama aka raba ta biyu, ɓangaren keke daban, na ƙafa daban, da shuke-shuke a tsakani. Aka yi wasu kwaruruka masu ciyayi a gefe waɗanda ke shanye ruwan sama kafin ya cika lambatu. Aka kafa fitilu da bencina, aka gyara mahaɗun tituna yadda yaro ko tsoho zai tsallaka ba da gudu ba. A mahaɗa mota kan kaɗe mutum, shi ya sa hanyar da ta yi kyau amma ta yar da kai a tsakiyar mahaɗa ba ta gama aikinta ba.

To, ina aka samo kuɗin? Dala miliyan 27 da rabi daga masu hannu da shuni da kamfanoni da gidauniyoyi suka fito. A ciki, miliyan 15 kyauta ce daga wani mai gina gidaje, Gene Glick, da matarsa Marilyn, waɗanda aka liƙa sunansu a jikin sunan hanyar. Sauran miliyan 35 da rabi daga asusun sufuri na gwamnatin tarayya suka zo, har da miliyan 20 da rabi da aka ba su a 2010. Nan akwai abin lura. Kuɗin 'yan kasuwa bai kai rabi ba, amma shi ya fara sauka, shi kuma ya jawo na gwamnati, don gwamnatin tarayya ta fi sakin hannu ga aikin da ta ga mutanen gari sun riga sun sa nasu. Da abokin daka akan sha gari.

Abin da ya fi duka hikima a ganina shi ne, daga cikin kuɗin nan sai da aka ware dala miliyan 6 aka ajiye don kula da hanyar, aka kuma kafa ƙungiya wadda ba ta neman riba aka danƙa mata shara da gyara da ban ruwan shuke-shuke da kwashe ƙanƙara lokacin sanyi. Mu nan mun san yadda akan yi bikin buɗe abu da kiɗa da algaita, bayan damina biyu a tarar da shi awaki na kwana a ciki. Ginin na ranar biki kowa na son sunansa a jiki. Tsintsiya ce ba ta da masu so.

Shin waɗanda suka ba da kuɗin sadaka suka yi? Wasu kam don Allah da son garinsu suka yi, ban musa ba. Amma a 2015 masana na Jami'ar Indiyana suka auna, suka ga darajar gidaje da filayen da ke dab da hanyar ta tashi da kashi 148 cikin 100 tsakanin 2008 da 2014, watau ƙarin kusan dala biliyan ɗaya. Ba duka ne za a ce hanyar ta jawo ba, don an yi sababbin gine-gine a wurin cikin shekarun nan. Duk da haka mai gini a bakin hanyar bai yi asara ba. Kuma daga nan ne wata tambaya ta taso mini: in darajar gini ta tashi, mai ginin ya yi murna, to, ɗan haya fa?

Amsar tana birnin Atlanta na jihar Jojiya. A 1999 wani ɗalibi mai suna Ryan Gravel ya rubuta kundin digirinsa na biyu a kan tsofaffin layukan dogo da suka kewaye tsakiyar birnin, yawancinsu an daina bi, ciyawa ta rufe. Ya ce a haɗa su su zama zobe guda mai tsawon mil 22, wajen kilomita 35, wanda zai ratsa unguwanni 45. Shi ne aikin da ake kira BeltLine. Ku duba fa, takardar ɗalibi ce ta juya gari guda.

Yadda suka shirya biyan kuɗin ya ɗan fi na Indiyanapolis wuyar ganewa, amma ga shi a sauƙaƙe. A 2005 aka shata yankin da ke gefen layin, aka ce harajin da gidaje da filayensa ke biya a lokacin shi ne ma'auni, zai ci gaba da shiga baitulmali kamar dā. Duk abin da ya ƙaru a kansa saboda wurin ya yi daraja, sai a ware shi har shekara 25 a zuba cikin aikin. Da wannan alkawari suka ci bashi suka fara. Kamar manomi ne da ya karɓi bashi da bazara zai biya da kaka. In damina ta yi kyau, madalla. Tasu daminar kuwa ba ta yi ba, don a 2008 tattalin arzikin Amurka ya karye, farashin gidaje ya faɗi, ƙarin da ake jira ya zo kaɗan. Ga shi kuma masu haƙurin barin rabonsu na ƙarin nan su uku ne: hukumar birni, da gundumar Fulton, da hukumar makarantun gwamnati. A matsayina na ɗalibin makarantar gwamnati wannan ya sosa mini rai, don kuɗin alli da littattafai ne ake tambaya a ba hanya aro. A farkon 2008 kotun ƙolin jihar ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulkinsu, sai da jama'a suka jefa ƙuri'a a ƙarshen shekarar aka gyara tsarin mulkin kafin a ci gaba.

Sashen da ya fara yin suna shi ne na gabas, wanda aka buɗe a 2012 da taimakon kuɗin attajirai. Nan da nan wurin ya cika da mutane, tsofaffin ma'ajiyoyin kaya suka zama kantuna da gidajen abinci, wani ƙaton tsohon ginin kamfanin Sears ya zama kasuwar Ponce City. Babban sashen yamma kuwa, inda talakawa suka fi yawa, mafi yawansu baƙaƙen fata, sai 2017 aka buɗe shi, shi ma da tallafin dala miliyan 18 na gwamnatin tarayya. Ban ce mugunta aka yi ba. Kuɗin ɗan kasuwa kamar ruwa yake, inda ya ga gangare can yake bi, gangarensa kuwa shi ne inda ciniki yake. Unguwar da ba ta da manyan kantuna ba ta da wanda zai yi mata karo-karo, alhali mutanenta su ne ba su da mota, su suka fi kowa bukatar hanyar ƙafa.

Inda hanyar ta isa kuma sai haya ta yi tsalle. Tun farko an yi alkawarin samar da gidaje 5,600 masu sauƙin kuɗi a yankin, amma shekara goma suka wuce ba a yi ko kusa da rabi ba. A 2016 Ryan Gravel da kansa, tare da wani mai suna Nathaniel Smith, suka ajiye kujerunsu a ƙungiyar da ke tara wa aikin gudummawa, suka ce ba a ba maganar gidajen talakawa muhimmancin da ya kamata ba. Mutumin da ya haifi abu ya fita daga ɗakin shawararsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A 2021, da aka ga kuɗi ba zai isa a rufe zoben kafin 2030 ba, sai majalisar birnin ta koma ga dabarar nan ta Toronto. Aka shata yanki na musamman a gefen hanyar, aka ɗora wa masu gine-ginen kasuwanci da masu manyan gidajen haya ƙarin dala 2 a kan kowace dala 1,000 ta ƙimar da hukuma ta yi wa gininsu, don a tara wajen dala miliyan 100. Mai zaune a gidan kansa ba a taɓa shi ba. A Jojiya kashi 40 cikin 100 na darajar gini ake yi wa haraji, saboda haka na lissafa na ga mai ginin dala miliyan ɗaya zai ƙara dala 800 ke nan a shekara. A ganina wannan ya fi adalci bisa taɓa rabon makarantu, don wanda hanyar ta ƙara wa arziki shi aka ce ya miƙo. Sai dai mai gidan haya ba daga aljihunsa yakan fitar ba in yana da yadda zai yi, a kan ɗan haya yake juyewa.

Abin da na fahimta daga garuruwan nan uku shi ne, hannun ɗan kasuwa yana da sauri, kuma ya iya riƙon abin da ya sa kuɗinsa a ciki. Amma bai kamata a bar masa alƙalamin zana taswira shi kaɗai ba. Hukumar gari, wadda talaka da mai kuɗi duka suka zaɓa, ita ya kamata ta ce ga inda hanya za ta bi, ta kuma rubuta tun kafin a sa tubali ɗaya cewa ƙasar ta jama'a ce, kowa na iya bi kyauta, kuma wani kaso na abin da aka tara a unguwar masu kantuna zai tafi unguwar da ba ta da su. In aka bari sai hanya ta yi kyau farashin fili ya tashi, sa'an nan aka zo neman wurin gina wa talaka gida, an makara.

Da fitarmu ta gaba ta zo na koma rumfar Kawu da duk wannan bayani a bakina, ina ji kamar na ci jarrabawa. Ya saurare ni har na gama, yana auna wa wata mata yadi. Maganar a tilasta wa mai noƙewa biya ta yi masa daɗi ƙwarai, har ya leƙa ya harari rumfar maƙwabcin nan nasa. Sa'an nan ya nuna mini tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin layin, daidai inda hanyar masu ƙafa za ta bi in da za a yi ta, ya ce, "Ɗana, ita wannan tun kafin a haife ka take nan. Ba ta cikin ƙungiyarmu, ba ta da rumfa, ba ta da ƙuri'a. A lissafin naka ina ka ajiye ta?"

Na yi shiru, don ban ajiye ta ko'ina ba. Na ce sai dai a faɗaɗa hanyar a wurin, a yi mata ɗan dandamali da inuwa, tunda masu ƙafa su ne masu sayen ƙosai. Ya ce wannan kuma ƙarin kuɗi ne, amma zai kai maganar taron ƙungiya na watan gobe. Sai dai ya gargaɗe ni kada in sa rai a kai gare ta ran nan, don abu na farko a takardar taron shi ne albashin mai gadi na wata biyu da ba a biya ba.